Amaryar da aka kawo mini saura sati 5 biki, fatarta ta riga ta sha man haɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Ni sana'ata gyaran jikin amare, a nan Tudun Wadan Zariya nake aikina, kuma yau bayanin amarya ɗaya tak zan yi muku wadda aka kawo mini a hunturun da ya wuce. Na nemi izininta da na mahaifiyarta kafin in rubuta, suna kam ba zan kama ba. Abinda yasa na zaɓi nata shine irinsa yanzu ya zama ruwan dare, iyaye da yawa basu san halin da fatar 'ya'yansu take ciki ba sai anzo ɗakin gyara an cire hijabi an tsaya gaban fitila.

Yarinya ce 'yar shekara 22, 'yar cikin Birni ce ta wajen Ƙofar Doka, an sa bikinta ƙarshen Disamba. Asalinta baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi da santsi, dan daga baya na ga hotunanta na sakandare a wayar ƙanwarta. Mamanta ce ta kawota ita da goggonta ƙanwar babanta, sukace komai suke so a mata, dilka, halawa, turaren tsugunno, lalle, sannan goggon ta ƙara da cewa a taimaka a ƙara fito da ita sosai dan dangin ango farare ne.

Da muka shiga ciki daga ni sai ita nace ta cire kaya ta ɗaura zani. Fuskar tayi haske kam babu musu, amma ba hasken lafiya bane, kumatun sunyi jajur, ga wasu siraran jijiyoyi ja-ja sun fito ɓaro-ɓaro a gefen hanci da kan kumatu. Gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, haka guiwar hannu da gwiwa da idon sawu, in kika kalli hannun daga kafaɗa zuwa farce kala uku zaki ƙirga. A damtse da hammata da bayan gwiwa ga nankarwa manya-manya jajaye masu faɗin ɗan yatsa, yarinyar da bata taɓa haihuwa ba kuma ba ƙiba tayi ba. Ƙarƙashin mama da matsematsi makero ne ya zagaye ya yi baki-baki tana ta susa a ɓoye. Na ɗan tsunguli bayan hannunta a hankali na saki, fatar ta tattare kamar ledar fiya wata da aka shanye, sai da ta ɗau lokaci kafin ta koma. Nace mata ƙanwata me kike shafawa, tace Anti, ogenik ne, wato man haɗin nan da ake tallatawa wai babu sinadari a ciki, nace ɗauko in gani.

Roba ce fara mai faɗin baki, babu suna babu lambar NAFDAC babu ranar da zai lalace, wata mata ce a Instagram take haɗawa tana aikowa ta tasha, set ne guda da sabulunsa da man dare da wani ɗan kwalba wai na goge gaɓoɓi. Matar tace mata in tana so yayi saurin kamata ta sayi 'yan tub ɗin nan na kemis guda uku ta matse a ciki ta juya, haka ko tayi, wata huɗu kenan safe da dare tun daga goshi har tafin ƙafa. Tub ɗin da ya rage a jakarta na karɓa na juya bayansa, kulobetasol ne a rubuce. Wannan maganin sitiroyid ne mai ƙarfin gaske, likita ke rubuta shi ga mai ciwon fata mai tsanani ya shafa iya wurin ciwon na 'yan kwanaki ko sati biyu ya daina, ba a ma so ya taɓa fuska. Ita kuwa ta maida shi man shafawa. Shi yake sa fata tayi fari da wuri dan yana matse jijiyoyin jini yana danne launi, amma a lokaci guda yana cinye kaurin fatar, daga nan nankarwa ke fitowa, kuma yana kashe ƙarfin da fata take kare kanta dashi shi yasa makero da ƙyasbi suke samun wurin zama. Banda shi akwai haidirokwinon da masu haɗi suke zubawa ba awo, wanda in an daɗe ana shafawa ana shiga rana yake barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da ba ya jin magani, akwai kuma zaiba wato makuri da ke wuce fata ya je ya taɓa ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC da bakin shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, kuma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da ake yawan kawowa sunce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. Ni dai a ɗan ɗakina abinda nake gani baya ƙaryata wannan lissafin.

Na tambayeta me ya kaita, sai hawaye. Ashe ranar da ƙannen ango sukazo ganinta ne ɗaya daga cikinsu tace au ashe baƙa ce, a hoto kamar fara. A tsakar gida ta faɗa suna saka takalmi, ita kuma tana bayan labule taji. Maganar da aka yi cikin daƙiƙa biyu ita ta jawo wata huɗu na shafe-shafe. Kuma wallahi ban ga laifin yarinyar sosai ba, tun tana ƙarama take jin farar mace alkyabbar mata, take jin fara ko mayya ce, a gidan biki a makaranta a waya, toh me ake so ta ɗauka?

Na fito na samu su Hajiya a falo nace musu gaskiya ba zan mata halawa ba, dilka ma ba yanzu ba, asibiti zata fara zuwa. Goggo tace ikon Allah, mu da muka kawo gyaran jiki sai a turamu asibiti, ciwo take? Nace Goggo kuyi haƙuri ku shigo ku gani da idonku. Halawa sukari ne da ruwa da lemun tsami ake dafawa har yayi danƙo, a manna a fata a fizge, yana tafiya da gashi da mataccen saman fata, a lafiyayyen jiki shine yake bada wannan sulɓin da ake so. A fatar da sitiroyid ya cinye kuwa ba gashi kaɗai zai ɗauko ba, da fatar zai taho, a bar yarinya da saɓa da ɗanyen ciwo a hammata saura wata ɗaya biki, ga makero a gefe yana jiran ƙofa. Dilka ma murza ce, ana dirzawa ne da ƙarfin hannu har sai ta bushe ta dinga zubowa, kuma yawancin haɗin da ake yi akwai lemun tsami a ciki wanda in ya zauna a fata aka fita rana yana ƙonawa ya bar tabo. Maman dai da ta ga hammatar 'yarta sai ta zauna a bakin katifa tayi shiru, can tace yanzu ke duk wannan a jikinki yake baki faɗa mini ba? Goggo kuma tace ai duk 'yan matan yanzu haka suke kuma ana musu gyara lafiya lau, in bazan iya ba akwai masu yi a Sabon Gari. Nace tabbas akwai, kuɗinku ne kuma 'yarku ce, amma ni hannuna bazai ɗora halawa a wannan fatar ba. Maman ce ta yanke magana tace Shika zasu.

A asibitin koyarwa na Shika suka ga likitan fata. Ya auna hawan jininta da sukari dan wannan maganin in ana shafe jiki duka dashi wata da watanni yana shiga jini, Allah ya taimaka duk lafiya. Yace a yar da robar nan da sabulun da ɗan kwalban, ya bata maganin makero na sha da na shafawa, ya bata wani mai marar ƙarfi da zata shafa a fuska na ɗan lokaci tana ragewa a hankali, da man kare rana, ya kuma gaya mata tun a gaban mamanta cewa kafin abu yayi kyau sai ya fara ɓaci, kar ta tsorata ta koma. Ta kawo mini takardar na karanta, a kanta na gina duk abinda na mata, abinda likita ya hana ban taɓa ba.

Sati na biyu shine mai wuyar, kuma anan ne mafi yawan 'yan mata suke karaya. Fuskar ta kumbura tayi ja tana zafi tana raɗaɗi ko ruwa ya taɓa, ƙananan ƙuraje suka feso a goshi da haɓa da gefen baki, launin kuma ya fara dawowa amma ba tare ba, nan baƙi nan fari, dabbare-dabbare. Ga hunturun Zariya kun dai sanshi, iska mai ƙura da sanyin asuba da ke fasa leɓe, fatar tana ta saɓa tana fari. Wani dare wajen ƙarfe sha ɗaya ta kirani tana kuka tace Anti na shiga uku, kati ya fita, anko ya fita, da wace fuskar zan zauna gaban mutane, dan Allah ki barni in shafa na sati uku kawai in an gama biki in daina. Nace ƙanwata in kika shafa gobe zaki ga ta kwanta tayi luf, shine tarkon maganin, amma ranar da kika daina wannan abin da kike gudu zai dawo ya fi haka, kuma a ɗakin mijinki zai sameki ba ni ba mama. Nace ki bani kwana goma. Na kira maman da safe nace Hajiya ku bincika ɗakin nan da kyau, aka ko samu wani rabin tub a cikin safa a ƙasan akwati, ba ta shafa ba amma ta ajiye saboda ko ta kwana. Ƙanwarta aka sa take kwana da ita daga ranar.

Abinda na mata a waɗannan satittikan ba wani abin a zo a gani bane, lallaɓawa ce kawai. Wanka da ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, sau biyu a rana, babu soso sam sai tafin hannu, da sabulu marar ƙamshi. Sabulun salo ma da muke yabo na hanata a lokacin dan yana busar da fata, wanda ya dace da mai maiƙon jiki ne ba mai saɓa ba. Tana fitowa wanka tun jikin da danshi a shafe shi da man kaɗe na asali wanda na narka da ɗan man zaitun, ƙafa da gaɓoɓin yatsu kuma basilin a sa safa a kwana. Fuska ban sa mata komai nawa ba sai na likita. Fita rana na hana, in dole ne wajen tela ko gaisuwa toh da man kare rana da niƙabi, a cikin Keke ba a kan mashin ba. Abinci kuma na gida, kunun gyaɗa, ƙwai, kwaɗon zogale, kankana da lemu da gwanda, ruwa da yawa dan a hunturu mutum baya jin ƙishi sai ya wuni bai sha ba, da barci da wuri a ajiye waya.

Anan ma sai da wata ƙawarta ta kawo mata ƙwayoyin nan da ake ce ma sha ka fashe wai ta ɗan ciko kafin biki tunda ta rame. Allah yasa ta nuna mini. Wasu daga cikin irin waɗannan ƙwayoyin deksametazon ne, shima sitiroyid ne, kumburi yake sawa a fuska da ciki ba ƙiba ta lafiya ba, wato abinda muke fama mu cire ta fata shi za'a ɗura mata ta baki. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, dan ƙawar da zuciya ɗaya ta kawo, ita ma haka aka bata lokacin nata bikin.

Wajen ƙarshen sati na uku zafin ya kwanta, ƙurajen suka fara bushewa, makeron ya mutu saura inuwarsa. Sai a sati na huɗu na fara mata dilka, ita ma ba irin wadda aka saba ba. Dilka asalinta daga Sudan take, ta hannun Shuwa da Barebari na Maiduguri ta iso mana, kuma ko a can ba dan canza launi ake yinta ba, dan laushi ne da ƙamshi da fitar da datti. Nata haɗin na yi shi da garin dilka mai laushi da na tankaɗe sau biyu, da dafaffen dankalin Turawa, kurkum kaɗan, madara, zuma da man zaitun, babu lemun tsami babu madarar turare. Na fara gwadawa a cikin damtse wuri kamar faɗin kwabo muka jira kwana biyu, da naga shiru sannan na shafa a baya da ƙafafu da hannu, ban dirza ba, shafawa nake da tafin hannu ina zagayawa a hankali in barta ta sha iska in wanke da ruwan ɗumi. Inda nankarwa take da fuska na tsallake su gaba ɗaya. Kwana uku-uku nake bari tsakani.

Turaren tsugunno na yi mata amma a taƙaice, icen dorot da sandal da ɗan gajiji a kasko, garwashin ya riga ya mutu sai hayaƙi, ta zauna a kujera mai huji a lulluɓe da bargo kai a waje taga a buɗe, minti goma zuwa sha biyar na ɗagata. Masu rufe amarya ruf da kai a ɗaki rufe da garwashi har sai ta jiƙe sharkaf tana jiri, dan Allah ku daina, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana sumar da mutum har ya kashe. Humra da sauran turaruka kuma a kaya na sa aka dinga turarawa da gashin kai, ba a fata ba. Halawa a ƙarshe ƙwauri kawai na mata saura kwana shida, shima bayan gwaji, dan nan ne man bai ci sosai ba. Hammata almakashi muka sa.

Sai rigimar lalle. Amarya tana son baƙin zane har guiwar hannu irin wanda ƙawayenta suka zaɓa a TikTok. Shi baƙin lallen nan ba ganyen lalle bane, dayis ne na rina gashi mai sinadarin PPD, kuma in jiki ya ƙi shi ba a ranar yake nunawa ba, sai bayan kwana biyu ko sati ma zanen ya tashi ya kumbura yayi ruwa daidai yadda aka zana fulawar, wasu tabon ya zauna musu wata da watanni. Saboda ta nace na ɗiga mata ɗigo ɗaya a cikin hannu, kwana biyu wurin ya tashi yana ƙaiƙayi, da kanta tace Anti a barshi. Jan lalle muka yi na gargajiya, ganyen da aka daka aka tankaɗe aka kwaɓa da ruwan shayi da ɗan sukari da mahallabiya, aka yanka salatif aka fitar da zane a tafin hannu da yatsu da ƙafa, aka ɗaure da leda ya kwana. Da aka kwance da safe ruwan lemu ne, zuwa ranar kamu ya nuna yayi jajur har yana komawa ruwan goro, kuma dabarar da mai lallen tayi ta jawo zanen ya hau kan gaɓoɓin yatsun ya rufe baƙin da muke jin kunya. Mai kwalliya ma na kirata tun saura sati nace tazo ta gwada kayanta a fuskar mu ga ko zata karɓa, kuma hoda da fandeshan kalar wuyanta za'a sa ba kalar da ake mafarki ba.

Ranar ɗaurin aure ta fito a baƙarta, ba kamar ta hoton sakandare ba tukuna amma launin ya haɗe a fuska da wuya, babu ja babu ƙurji, jikin yayi laushi yana ɗaukar ido ga ƙamshi ya kama. Abinda bai gyaru ba shima zan faɗa. Nankarwar nan tana nan, tela ya canza hannun rigunan dina da na wuni ya maida su dogaye. Jijiyoyin kumatu sun ragu basu ɓace ba. Gwiwa da idon sawu sai da aka ƙara kusan wata uku bayan biki kafin suka daidaita da sauran jiki. Likita ya gaya mata nankarwa tana dusashewa ta koma fari-fari amma bata tafiya duka, kuma ya ja mata kunne cewa fatar da ta yi siriri bata saurin haɗewa in an yi ɗinki, dan haka ko ciki ta samu ta faɗa a wurin awo cewa ta taɓa shafa irin wannan man.

Angon ma sai da aka yi dashi. Ita ta gaya masa a waya a cikin satin nan mai wuya dan ya matsa yana so yazo zance tana ta ƙi. Yace shi a baƙarta ya ganta yace yana so, amma da ta tuna masa sau nawa yace mata kin ƙara haske kin ƙara kyau a watannin nan, sai yayi shiru, yace wallahi shi ya ɗauka hutu ne da zaman gida. Shi ya biya kuɗin magani na biyu, ƙanwar tasa da ta yi maganar kuma har yau bata san ita ce sila ba, amarya tace a barta kar a shiga gida da rigima.

Goggo dai bata sauko ba. A wurin wuni ta jawoni gefe tace Hajiya mai gyara aikinki yayi kyau ba laifi, amma da kin bari an ƙarasa abinda aka fara da yarinyar nan tafi haka fitowa a hoto. Bikin 'yarta ita ma bayan babbar sallah ne, kuma maman amarya ta gaya mini an riga an yi odar roba biyu daga wurin matar nan ta Instagram. Maman tace ranar Juma'a in an sauko masallaci zata shiga gidan Goggon da kanta, da katin asibitin da hotunan hammatar 'yarta na satin farko a waya, ta zaunar da yarinyar da uwar ta nuna musu.